Ki Karya Ƙafa, Nayeli

"Ko yanka ni za ka yi, Papá, ba zan auri Rigoberto ba."

Nayeli ce mai wannan magana, tana jingine a doguwar kujerar falo, ƙafarta ta hagu a miƙe bisa matashi cikin farin ɗaurin asibiti mai tauri kamar siminti. Tun safe take kuka, har muryarta ta dashe.

Ubanta Fidencio yana tsaye a bakin ƙofa da takalmin aiki, ɗanyar ciyawar gidajen masu hali manne da wandonsa.

"Wa ya yi miki maganar aure? Makaranta nake magana. Ga ta nan Los Angeles sun ɗauke ki, ki koyi rubutun fim, ki dawo ki kwana a ɗakinki. Me aka ajiye miki a Chicago in ban da sanyi?"

"Duk abu ɗaya ne, kai ma ka sani. Makarantar nan Rigoberto ce, ta Chicago kuma Ulises."

"Kul! Kada in sake jin sunan kafintan ƙaryan nan a gidana. Mutumin da sana'arsa gina gidan da ba shi da baya! Ƙofa ba ɗaki, taga ba iska, a yi tafi a rushe. A ciki zai ajiye ki?"

"Dandamalin wasa yake ginawa, Papá. Aiki ne kamar naka. Can ma aikin aka kira shi."

"Gobe ce ranar ƙarshe ta ba makarantu amsa. Rigoberto zai zo cin abinci bayan coci. A gabana za ki amsa."

Ya buga ƙofa ya fice, har hoton Budurwa Maryamu da ke bango sai da ya karkace.

Doña Herminia, uwar Fidencio, tana tsaye a bakin kicin, hannunta duk ƙullin masara. Ita ta raini Nayeli tun rasuwar uwarta, ita ta yi mata kitson farko, ita ta raka ta makarantar da ita kanta ba ta taɓa zama a ajinta ba. Da can babu ruwanta da Ulises. Yaro ne mai gaisuwa, yana cinye abin da aka zuba masa, ba ya tsince barkono. Ɗanta ne yake ƙinsa, don ya riga ya yi wa amininsa alkawarin yarinyar, wato uban Rigoberto.

Sai ranar wasan.

Nayeli ta rubuta wasan kwaikwayo, aka sa shi a ƙaramin gidan wasan unguwarsu ta Boyle Heights, wanda da gidan burodi ne. Wata malama ta taso takanas daga makarantar Chicago don ta gani. Doña Herminia ta leƙa bayan labule za ta ba jikarta ruwa, sai ta tarar Ulises ya riƙe hannuwan yarinyar biyu, ya dubi tsakiyar idonta, ya ce mata da Turanci:

"Ki karya ƙafa."

Turancin Doña Herminia bai taka kara ya karya ba, amma ta san karya, ta san ƙafa. Ta yi shekaru tana jinyar tsofaffin Turawa, waɗannan kalmomi biyu ba za su ɓace mata ba.

Aka gama wasa, aka yi tafi, aka kira marubuciya ta hau. Wajen saukowa ta kuskure matakala. Ƙas! Har kujerar baya sai da aka ji ƙarar ƙashin.

To, wace kaka ce za ta ji wannan ta ga wannan ta yi shiru?

A asibiti ta kori Ulises da takalmi, shi da ya ɗauko yarinyar a hannunsa. Amma da yake ba ta son zalunci, sai ta ja Rigoberto gefe, tunda shi a kamfanin fim yake aiki, harkar tasu ce. Ta tambaye shi ko akwai wata ma'ana da ba ta gane ba.

Ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya.

"Doña, na daɗe a harkar nan, ban taɓa jin mutum ya faɗa wa wanda yake ƙauna haka ba. Amma don Allah kada ki ce ni na faɗa, sai ta ce kishi nake."

Ta riƙe masa amana, ba ta faɗa wa kowa ba.

Yanzu ta goge hannu a zanen girkinta ta zo ta zauna kusa da jikarta.

"Mija, 'yar nan, ya isa haka. Ciwon kai za ki sa wa kanki."

"Abuela, ke ce kakata, ke kaɗai gare ni. Sau nawa zan gaya miki fatan alheri ne? Haka 'yan wasa suke cewa!"

"Fatan alheri na uwar wa? Ni da kunnena na ji, da idona na ga ƙafa ta juya baya. Ƙwai nawa na shafa miki a jiki na fasa a ruwa? Kowanne da alamar an yi miki baki yake fitowa. Soyayya ce ta rufe miki ido. Ko cewa ya yi ki mutu, cewa za ki yi waƙa ya yi miki."

"Ba shi kaɗai ba ne, Abuela. Ki saurare ni. A Chicago wasan dandamali zan koya. A dandamali, abin da na rubuta nawa ne, ko harafi ba mai taɓa mini sai na yarda. A fim kuwa ka sayar ka sayar ke nan. Wannan ya cire, wancan ya ƙara, har ka je kallo ka kasa gane ɗanka."

"Ni ban san wannan ba. Na dai san ƙafa."

Nayeli ta daɗe tana kallonta. Sai kukan ya tsaya cak, kamar an rufe famfo.

"Shi ke nan. Ki gaya wa Papá na yarda. Gobe zan amsa wa makarantar nan. Rigoberto ma in ya kawo zobe, ku miƙa masa yatsan."

Ta juya fuskarta ga bango.

Doña Herminia ta ƙura mata ido. Ai kukan ya fi mata wannan shirun. Wannan ba jikarta ba ce, jikarta ko a zanin goyo ba ta saki abu ba sai an ɓamɓare hannunta. Lallai bakin yaron nan bai tsaya a ƙafa ba, ya hau har zuciya.

Wanda ya yi baki kuwa shi yake janye abinsa, haka ta taso ta gani a garinsu. Ta yafa mayafinta, ta zura takalmin coci, ta saɓa jaka.

"Ina za ki, Abuela?"

"Karɓo haƙƙi."

* * *

Rana tsaka Doña Herminia ta sauka daga bas a bakin gidan wasan. Asabar ce, akwai wasan rana, mutane sun yi layi a ƙofar gaba. Ita ta ƙofar baya ta bi, inda da ake shigar da buhunan fulawa.

Tana shiga ta ga Ulises a durƙushe, guduma a hannu, ƙusa a baki. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Bai ankara ba ta cakumi kwalar rigarsa.

"Tashi, mugu! Tashi, mai baƙin harshe!"

"Doña Herminia! Lafiya? Nayeli ce? Wani abu ya same ta?"

"Kai za ka tambaye ni? Wane abu ne bai same ta ba? Yanzun nan za ka bi ni, ka durƙusa a gabanta ka janye bakin da ka yi mata. In ka ƙi, na rantse da Allah sai unguwar nan kaf ta san ko kai wane ne. Fada ma sai na kai masa ƙararka, ya kira sunanka a coci!"

"Doña, ki tsaya ki ji..."

"Ba na ji! Me ta yi maka? Don an ɗauke ta makaranta kai kana buga ƙusa?"

Wani ya leƙo ya ce saura kaɗan a ɗaga labule. Nan take wurin ya hargitse. 'Yan wasa suka fito daga ɗakin kwalliya suna gyara riguna. Wata dattijuwa mai furfura, sa'ar Doña Herminia, ta kamo fuskar wani saurayi da hannu biyu, ta sumbaci goshinsa, ta yi masa alamar gicciye, ta ce:

"Ka karya ƙafa, ɗana."

Ya ce, "Ke ma ki karya, Mamá."

Hannun Doña Herminia ya saki kwalar Ulises da kansa.

Ba su kaɗai ba. Mai kunna fitilu ta faɗa wa mai ganga. Mai ganga ya faɗa wa wasu 'yan mata biyu, suka amsa baki ɗaya suna dariya. Ta ko'ina karya ƙafa, karya ƙafa, kamar ana rabon alewa.

"Wayyo Allah na! Gidan mayu na shigo?"

Dattijuwar ta juyo. Griselda sunanta, ta fi kowa daɗewa a gidan.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Ɗanki ne wancan? Na cikinki?"

"Autana ne."

"Kuma kika ce ya karye?"

Griselda ta kwashe da dariya har tana dafa bango.

"Haba Doña! A nan ba a cewa Allah ya ba da sa'a. In ka faɗa, tsiya tana laɓe tana ji, sai ta zo ta ɓata. Shi ya sa muke juya maganar, mu ruɗe ta. Wannan ma na Turawa ne, mai tsabta. Da harshenmu kin san me muke yi wa juna fata? Kashi. Mai yawa ma kuwa."

Doña Herminia ta lalubi wani akwati ta zauna. Ashe na kwali ne, ya lotse da ita. Ba ta ko ji ba.

"Tsaya. Kowa ya san wannan?"

"Ko wanda ya fara jiya."

"Har masu aiki a kamfanin fim?"

"Su? Ai ko ganawa da manya za su shiga, da ita suke raka juna."

Labule ya ɗaga, kowa ya watse, ya rage daga ita sai Ulises. Ya durƙusa a gabanta, idonsa jawur.

"Doña, ban ga laifinki ba. Ni ma ban yafe wa kaina ba. Ba don maganar ba, don matakalar. Ni na gina ta. Kullum sai na zo na hau na sauka, ina neman inda na kuskure."

"Ka samu?"

"Ban samu ba. Fitila ce ta kashe mata ido. Amma da na tsaya a ƙasa na miƙa mata hannu..."

Kuka ya ci ƙarfinsa. Ƙato da shi, da gudumarsa a hannu.

"An ce gobe za ta amsa wa makarantar nan. In ita ta zaɓa da kanta, na haƙura, in tafi ni kaɗai. Amma kada ta zaɓa tana jin wai kakarta na ganina a matsayin maye. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba."

Doña Herminia ta dube shi sama da ƙasa. Kunya ta taso mata, amma fushi ya riga ta zuwa, kuma wannan karon ya san gidan da zai sauka.

"Goge hancinka. Kana da riga mai kyau?"

"Ina da guda."

"Gobe bayan coci ka sa ta, ka zo ka tsaya a bakin shingenmu. Kada ka shigo, kada ka tafi. In ka ji ihu, wannan ba naka ba ne. In ka ji dariyarta, ka ƙwanƙwasa."

* * *

Lahadi, tebur ya cika. Ga menudo, romon tumbin nan yana tururi, ga albasa da lemon tsami, ga tortilla, wainar masara, a naɗe cikin tsumma.

Rigoberto ya zo da furanni, da baƙin gilashi a saman goshi, da wani ɗan akwati da ya kumbura masa aljihu. Shi ne wanda a wurin aiki yake kiran kansa Rob, wai sunan da uwarsa ta raɗa masa ya yi wa Turawa tsawo.

Fidencio ya ajiye kwamfuta a gaban Nayeli, shafin makarantun biyu a buɗe. Ita dai tana zaune kamar gunki, ko cokali ba ta taɓa ba.

Rigoberto sai zuba yake.

"Don Fidencio, ka kwantar da hankalinka. Ni zan shigar da ita ko'ina. Wasan nan nata ma fim ne a kwance, gyara kaɗan yake so. A cire tsohuwar nan mai masifa, a sa budurwa. Tsohuwa ba ta sayar da fim."

Ludayi ya tsaya a hannun Doña Herminia. Ba ta gane rabin Turancin wasan ba, amma ta gane zanen girkin da 'yar wasan ta ɗaura, ta gane yadda take jifa da takalmi. Ta san ko wace ce tsohuwar.

Ta ƙara masa romo, har da tsoka mai kyau.

"Ci, ɗan albarka. Na ji an ce gobe za ka shiga gaban manyanku."

"Ƙwarai, Doña. Babbar rana ce. In suka karɓi shawarata, na haye."

Ta dafa kafaɗarsa, ta yi murmushin da ba ta taɓa yi masa ba. Ta tattaro ɗan Turancinta, ta ce:

"Ka karya ƙafa."

Fuskarsa ta washe.

"Kai, na gode, Doña! Na gode ƙwarai!"

Ya kai cokali baki. Bai ƙarasa ba. Cokalin ya tsaya a hanya, romon yana ɗiga a farar rigarsa.

"Ka gode?" in ji ta a hankali. "Na yi maka baki, ka gode?"

"Doña, ni... ai nufina..."

"Ba kai ne ka tsaya a asibiti, ka sunkuyar da kai kamar waliyyi, ka ce mini ba ka taɓa jin an faɗa wa wanda ake ƙauna haka ba? To ni ƙaunarka nake ko ƙinka? Amsa mini, Rob!"

Nayeli ta ɗago kai. Ta dubi Rigoberto.

"Kai ne?" in ji ta. "Kai ka gaya mata haka? Kana zuwa kullum da furanni, kana ganin ina kuka, kana cewa in yi haƙuri tsofaffi sai a hankali?"

"Nayeli, wasa nake mata, ban zaci za ta ɗauka..."

"Wasa?" Doña Herminia ta buga ludayi a tebur, kwanuka suka yi tsalle. "Ka mai da ni abin wasa don ban yi boko ba? Na zo maka da tambaya don kada in zalunci ɗan mutane, ka ɗauki jahilcina ka yi sanda da shi, ka sa na doki jikata da hannuna! Na jefi yaron kirki da takalmi a gaban likitoci! Ƙwan da na fasa ma sai Allah ya tambaye ka. Kuma ni za ka cire a wasa? Tashi! Kwashi furanninka, kamar na kai wa kabari!"

"Mamá, ya isa," in ji Fidencio, idonsa a kan kwano. "Abin ya wuce. Ki bar maganar."

Ta juyo gare shi. Bai yi mamaki ba. Kowa a teburin ya girgiza, shi ko gezau.

Sai a lokacin ta tuna gidajen da yake yanke wa ciyawa. Gidajen su wa? 'Yan fim. Tun Nayeli tana rarrafe yake shiga cikinsu.

"Fidencio. Dube ni."

Bai ɗago ba.

"Kai ma ka sani?"

Ya ture kwanon gefe.

"Yesu! Ɗan da na haifa! Kana kallona ina kunna kyandir, ina yawo da ƙwai kamar mahaukaciya, kana sane?"

"Na binne uwarta, Mamá!" Muryarsa ta fashe. "Ita kaɗai ta rage mini. In ta tafi Chicago ta tafi ke nan. Za ta yi aure can, ta haihu can, in dinga ganin jikokina a waya. Ban yi ƙarya ba. Shiru kawai na yi."

"Shirunka ya fi ƙaryarsa ciwo, Papá," in ji Nayeli, hawaye yana zuba. "Shi ba ubana ba ne."

Rigoberto ya sulale ta ƙofar kicin, ba sallama. Ko gilashinsa da ya faɗi bai tsaya ɗauka ba.

Doña Herminia ta jawo kwamfutar ta daidaita ta a gaban jikarta.

"Ni ban iya karatu ba. Wanne ne na masu sanyin?"

Nayeli ta nuna da yatsa.

Fidencio ya miƙe, kujera ta kife a bayansa. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa, kamar zai tare ta da jikinsa.

"Nayeli, in kika danna wannan, ba ni ba ke."

"In ka kore ta, tare ka kore mu," in ji uwarsa. "Sai in ga mai dafa maka. Ni ma a ƙauye na bar uwata tana kuka na tsallako iyaka da kai a goye, ba ta tsine mini ba. Kai wane ne?"

Yatsan Nayeli yana sama, ya kasa sauka. Ta dubi ubanta. Ta dubi ƙafarta. Ta dubi kakarta.

"Abuela, tsoro nake ji."

Tsohuwar ta kamo fuskarta da hannu biyu, hannun da ke warin albasa. Ta sumbaci goshinta, ta yi mata alamar gicciye.

"Mija," ta ce, "ki karya ɗayar ma."

Dariya ta ƙwace wa Nayeli a tsakiyar kuka, irin wadda ba a ji ba a gidan tun ranar wasan. Ta danna.

Kafin dariyar ta sauka, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Bugun hannun kafinta ne, ba mai ɓata shi.

Kuma ba wanda ya fi kusa da ƙofar sai Fidencio.